Washegarin Ƙarshen Duniya

Ku matso kusa, maganar nan tamu ce mu kaɗai. Aminiya, ajiye wayar nan tukuna. Yaya, gyara zama, don zancen da ɗan tsawo. Tun da na dawo hutu kuke cewa na yi sanyi, har wata a cikinku ta rantse wani ne ya sace min zuciya a Dutse. Wallahi ba haka ba ne. Jinga ce aka ba mu a kwas ɗin ƙirƙirar labari. Na yi ta, na miƙa, malam ya duba ya dawo min da ita, amma har yau ta ƙi fita daga raina. Kuma akwai wani ɓangare nata da ko a makaranta ban faɗa wa kowa ba.

Abin da aka nema shi ne kowa ya rubuto gajeren labari a kan duniyar da ta rushe. A ƙaddara wani bala'i ya sauka, babu gwamnati, babu kasuwa, babu lantarki balle waya, sai 'yan tsirarun mutanen da suka yi saura. Malam ya ce so yake ya ga halin ɗan Adam idan aka zare masa duk abin da yake jingine da shi. Nan take aji ya kaure da surutu. Samari dai baki har kunne, don kowannensu ya ƙoshi da finafinan Amurka irin waɗanda gawarwaki ke tashi suna bin mutane da cizo, ko bam ɗin nukiliya ya mayar da birni toka, ko wata annoba ta share kowa ta bar mutum ɗaya da karensa.

Wata baiwar Allah da ke zama a gabana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ƙarshen duniya ai ba abin ƙagawa ba ne. Allah kaɗai ya san lokacin tashin Sa'a." Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don abin da ke bakina ta riga ni faɗa. Ku tuna Islamiyyarmu, yadda jikinmu ke yin la'asar idan aka zo kan manyan alamomi: bayyanar Dujal, saukowar Annabi Isa alaihissalam, fitowar Yajuju da Majuju, hudowar rana daga yamma. Wannan imani ne, kuma ni ba zan ɗauki alƙalami in ƙara gishiri a cikinsa don labari ya yi daɗi ba. Malam kuwa, Allah ya saka masa da alheri, bai gwale ta ba. Ya ce bai nemi kowa ya rubuta Alƙiyama ba. Abin da ya nema shi ne rushewar rayuwar da mutane suka saba da ita, alhali rana tana nan tana fitowa ta gabas, kuma dole a tashi a nemi abin kaiwa baki. Da wannan amsar hankalina ya kwanta na karɓi aikin.

Kada kuma wani ya ce mana rubutun da ke girgiza zuciya da zancen ƙarshe baƙo ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana da waƙar Sharuɗɗan Kiyama da Hausa, kuma jagororin 'yan taru, waɗanda ake ce wa jaji, su suke ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi a ka su kai wa matan ƙauye har cikin ɗakunansu. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya cika Imfiraji da zancen mutuwa da kabari da hisabi, har gobe ana rera ta. Sai dai su ba ƙagawa suke yi ba, abin da ya zo a littafi suke zubawa a baiti don mai sauraro ya ji tsoron Allah ya tuba. A fagen ƙagawar ma ba a bar mu a baya ba, tunda tun 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. To me zai hana 'yar Taura ta ƙaga gobe mai wuya ta rubuta?

Malam ya ba mu wasu littattafai mu karanta kafin mu fara. Wanda ya fi taɓa ni shi ne The Road na Cormac McCarthy, wani Ba'amurke, wanda ya fito a 2006. Uba ne da ɗansa, ko suna ba a sa musu ba, suna tura keken zuba kaya irin na manyan kantuna, sun nufi kudu bakin teku cikin toka da sanyi. Babu tsiro, babu amfanin gona. Duk wanda suka hango a hanya abin gudu ne, don yunwa ta kai wasu ga cin naman mutane. Uban yana riƙe da bindiga mai harsashi biyu, kuma tun farko mai karatu ya san ba don farauta ya ajiye su ba. Da hasken waya na karanta shi a ɗakin kwananmu, 'yan ɗaki suna barci, hawaye na bin kuncina. Littafi ne na gaske, ba na raina shi ko kaɗan. Amma da na rufe shi sai wata tambaya ta tsaya min a rai: ina dangi? Ina kawu, ina goggo, ina maƙwabci, ina limamin unguwa? A ce duniya ta rikice, mutum ya kama hannun ɗansa su biyu rak su bi hanya, bai leƙa gidan yayarsa ya ga ko tana da rai ba?

Ranar da aka fara karanta jinga a gaban aji na ga inda matsalar take. Yaron da aka haifa a Gumel ya rubuta dusar ƙanƙara tana zuba a kan gawarwaki. Wani ɗan Birnin Kudu jaruminsa ya fasa katafaren kanti yana kwasar abincin gwangwani. Kusan kowa jaruminsa namiji ne shi kaɗai, da bindiga a kafaɗa, ba ya gaisuwa, ba ya sallah, ba shi da uwa. Ban ga laifinsu ba, abin da ido ya saba gani shi hannu ke zanawa, kuma wasunsu sun iya jera magana fiye da ni. Amma ina sauraro ina jin labaran ba su da ƙamshin ko'ina. Babu wanda ya ambaci rijiya. Babu wanda ya tambayi wa zai wanke mamaci ya yi masa sutura. Mu kuwa kun san ko gari zai tashi, wannan ne abin da za a fara tambaya.

Sai na ce wa kaina, to mu da abubuwa suka taɓa rushe mana, me muka yi?

Ba sai na je nesa ba. Ku tuna damunar 2022, lokacin jami'o'i na yajin aiki, duk masu karatu muna gida. Ruwan sama ya yi yawa, kogin Haɗeja da ke ɗauko ruwan Kano da na Challawa ya tumbatsa, ga ciyawar kacala ta toshe masa hanya a can ƙasa. Ya ci Ringim, ya ci ƙauyukanmu na bakin kogi, ya wuce Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja. Hanyoyi suka yanke, gidajen ƙasa suka narke, shinkafa da gero suka nutse ana saura ƙiris a girbe. Ga wanda ruwa ya ci gidansa da rumbunsa da gonarsa a dare ɗaya, me ya rage na duniyar da ya sani? Aminiya, tare muka je makarantar firamaren nan da aka sauke mutane. Kin tuna aji ɗaya magidanta nawa aka zuba, an ɗaura igiya an rataya zannuwa an raba ɗaki, kowace mace da kusurwarta. Kin tuna matar nan da ta ɗora tukunya ɗaya a bakin baranda, 'ya'yan gida uku suka kewaye ta da kwanukansu, tana zubawa ba ta tambayar ɗan wane ne. Akwai wani dattijo da ya sauko daga kwalekwale, bai fito da tabarma ba, bai fito da rediyo ba, ɗan ƙullin zangarniyar gero kawai ya rungume a ƙirji, ya naɗe shi da rigarsa don kada ya jiƙe. Wani ya ce masa, "Baba, wannan ai ko kunun kwana biyu ba zai yi ba." Ya ce ba na ci ba ne, iri ne.

Daga bakin dattijon nan labarina ya fito, sai dai Kaka ce ta ba shi ƙashi. Na zo gida wani ƙarshen mako na zauna kusa da ita tana ɓarar gyaɗa, na ce, "Kaka, ba ni labarin yunwa." Ta dube ni ta ce wace daga ciki? Ta ji ta 1914, wadda tsofaffi a wurare da dama ke kira Ƙaƙalaba, daga bakin kakarta. Farin 1973 kuwa da idonta ta gani, tana da goyo. Ta ce an ci dusa, an ci tafasa da yaɗiya babu ƙuli, an shiga fadama an tono bado, an tone gidan tururuwa an kwashe 'yar ƙwayar da suka tara. Ta ce shanun Fulani sun zube a hanya, mutanen arewa sun gangaro da raƙuma da 'ya'ya suna neman inda za su sa kai. Kuma ba ta ɓoye min munin abin ba. Akwai mazan da suka ce sun tafi cin rani, har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba, suka bar mata da yara. Akwai masu hali da suka kulle rumbu suna jiran tiya ta ƙara kuɗi. Akwai wanda ya sayar da gonar gado a kan 'yan kwanukan dawa. Don haka kada ku ɗauka cewa nake yi mu mala'iku ne. Abin da nake cewa shi ne, ko muguntarmu a cikin jama'a muke yin ta, ana gani, ana tunawa, jikoki ma su gaji sunan.

Na tambaye ta, to iri fa, a shekarar da babu ko na bakin salati? Ta ajiye faifai ta nuna min da hannu. Tun a gona ake zaɓen manyan zangarniyoyi masu cikakken ido, a ɗaure su daban, a rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunsu, ƙwaro ba ya kusanta. Wake kuma a cakuɗa shi da toka a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. Ta ce macen kirki tana iya kallon ɗanta yana kukan yunwa, ga iri a rataye a saman kanta, ta kau da kai. Da ta faɗi haka sai ta yi shiru, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Yaya, na ga kina so ki ce tafiyar uba da ɗa a kan hanya ai mu ma muna da irinta. Muna da ita mana, har ta fi tasu girma. A 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, mutane da yawa sun sakankance zamani ya zo ƙarshe, bayyanar Mahadi ta kusa. Talakawa suka riƙa barin garuruwansu suna bin sa, da mata da yara da jakuna da tukwane. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, aka yi yaƙin da ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa, ana Hausa da Fillanci a cikinsa. Ku duba fa: mutanen da suka yi imani duniya ta zo gargara, amma ayari suka yi, da limaminsu da ungozomarsu, suka je suka sari daji suka yi shuka.

A cikin littattafan da muka karanta akwai guda da ya zo kusa da wannan, kuma mace ce ta rubuta shi, Octavia Butler, baƙar fatar Amurka. Parable of the Sower sunansa, ya fito a 1993, amma labarin a shekarar 2024 ya fara. Yarinya ce 'yar shekara 15, Lauren Olamina, sunan gidansu ma na Yarbawa ne. Tun kafin a ƙone unguwarsu ta haɗa jakar gudu, kuma cikin abin da ta sa har da iri. Da ta kama hanyar arewa ba gudun mutane take yi ba, tara su take yi, ɗaya bayan ɗaya. Ban yarda da sabon addinin da yarinyar ta ƙirƙira a littafin ba, na faɗa a aji kuma ba na jin nauyin maimaitawa. Amma a zancen iri da tara jama'a, na ji matar nan ta san abin da Kaka ta sani.

To ga labarin da na miƙa. Shekaru ne masu zuwa, damuna ta rikice, shekara ɗaya fari, ta gaba ambaliya, har hanyar Kano ta yanke aka daina ganin mota. Mutanen wasu ƙauyuka da ruwa ya tasa suka taru a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, a kan layin dogon nan na Kano zuwa Nguru da ya ratsa ƙasarmu tun wajen 1930. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ta binne tulun irin gero a ƙarƙashin shimfiɗarta. Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba, har ranar da jikanta ya kasa tashi zaune. Daren nan mai unguwa da liman da manyan mata suka zauna. Wasu suka ce a fasa tulu a dama wa yara kunu, rai ya fi gobe. Wasu suka ce in aka ci iri an kashe yaran baɗi gaba ɗaya. Tsohuwar ta ce ita dai ta gaji da ɗaukar alhakin gari ita kaɗai. Sai aka raba irin, kowane gida tafi ɗaya, aka ƙulle a tsumma, kowa ya ji da amanarsa. Na bi gidajen cikin watannin bazara. Wasu sun riƙe. Wasu sun ci, cikin dare, ba da sanin maƙwabta ba. Ranar da aka yi ruwan shuka aka fito da sungumi, sai ga waɗanda suka ci nasu sun fito su ma, hannu wofi, kai a sunkuye. Ba wanda ya ce musu uffan. Suka shiga layi a bayan masu zuba iri suna rufe rami da diddige. A nan na tsaya.

Da na karanta a aji wani ya ce labarin ba shi da mugu, kuma labarin da babu mugu ba ya tafiya. Wata ta ce ya kamata a kori waɗanda suka ci amanar, ko a hana su girbi. Muka yi ta ja-in-ja har lokacin lacca ya ƙare. Ni ra'ayina shi ne, uwar da ta dafa tafin gero don ɗanta ya kwana da rai ban isa in yanke mata hukunci ba, wadda ta kau da kai ta bar irin a rataye ita ma ban isa ba, kuma duk amfanin labarin shi ne mai karatu ya kwana yana tambayar kansa wacce zai zama a cikinsu. Malam ya ja min layi a wurare da jan biro. Inda na rubuta cewa mutane sun shiga tsananin tashin hankali, ya rubuta a gefe: nuna min mutum ɗaya, me hannunsa yake yi? Wannan gyaran kaɗai ya ishe ni ribar zangon karatun. Tun daga ranar, in na ji ina neman rubuta babbar kalma, sai in tsaya in nemo hannun.

Akwai hadisin nan da muka haddace tun muna yara, wanda ma'anarsa ita ce ko Sa'a za ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in yana da ikon dasawa, ya dasa. A Dutse na fahimce shi sosai, garin da dabino ya yi suna har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya. In kika ga ɗan dashen, abu ne ƙanƙani mai ƙaya, sai an shekara da shekaru ana ba shi ruwa kafin ya yi ɗiya. Wanda ya ce a dasa irin wannan bishiyar a ranar da babu gobe, ya riga ya koya mana inda ya kamata labarin rushewa ya sa ido. Shi ya sa ban ɓata shafi ko ɗaya wajen kwatanta yadda bala'in ya sauka ba. Da washegari na fara.

Yanzu ga abin da na ce ban faɗa wa kowa ba. Ku rage murya, kada Inna ta ji, don ba ta son a tayar da zancen.

Ranar da aka ba da jingar, muna fitowa daga aji, wani ɗan ajinmu ya ce min, "Ke da kike 'yar Taura ai kin samu labari a ɓagas. Rubuta Majiya kawai." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, na sani. Amma sai da na nemi wuri na zauna. Daren Talata, 15 ga Oktoban 2024. Tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, mai ya malala a magudanar ruwa, mutane suka fito, wuta ta tashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Washegari aka yi jana'izar mutane da yawa a kabari ɗaya, wasu ba a iya gane su ba. Aka cika asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu aka wuce da su har Kano, adadin ya yi ta hawa har ya haura 200. Kun je ta'aziyya kamar yadda na je. Mu shiga gida mu fito mu faɗa na kusa da shi, gaisuwar ɗaya ce, har baki ya bushe da "ya haƙuri". Matan ƙauyukan kewaye su suka riƙa shigowa da kunu da tuwo a ka, don a gidaje da dama babu mai ƙarfin hura wuta, kuma babu maƙwabciyar da za ta taya, ita ma tana zaman nata makokin.

Wannan ne za a ce in kai wa malami ya sa maki a kai? A karanta a gaban aji, wani ya ce farkon ya yi sanyi, wata ta ce a ƙara wa ƙarshen armashi? Na ce a'a, kuma har yanzu ina kan a'a. Mutanen nan ba kayan jinga ba ne. Matansu suna nan, marayunsu muna haɗuwa da su a hanyar makaranta.

Amma cikin dare na rubuta. Shafuka ne da dama, da Hausa, suna ƙasan akwatina a cikin leda. Abin da ya sa na kasa haƙura shi ne maganganun da na riƙa ji daga waɗanda ba su taɓa taka Majiya ba: kwaɗayi ne, jahilci ne, me ya kai su. Ba na cewa ɗibar mai daidai ne, haɗari ne, kuma dole a yi ta faɗa wa mutane su guje wa tankar da ta faɗi. Amma wanda zai yi hukunci ya tuna cewa kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa watan da abin ya faru kuwa ta kai wajen naira 1,000. Ya tuna ɗan acaɓa da mai injin ban ruwa da abin da jarka ɗaya take nufi a gidansu. Ya kuma tuna cewa a taro irin wannan akwai mai ɗiba, akwai mai kallo, akwai wanda ya fito kiran ƙanensa ya koma gida. In ba a rubuta ba, nan da shekara 20 abin da zai rage shi ne lamba da zagi. Ni kuwa ban rubuta wutar ba, ba zan iya ba. Safiyar na rubuta: masu haƙa, masu ɗauka, masu dafa abinci, malamin makarantar allo da ya duba ya ga gurabe a layin manyan ɗalibansa.

Na ji ki, Yaya. Kin ce wannan fami ne, a bar mutane su haƙura, abin da Allah ya ƙaddara ya wuce. Maganarki tana da nauyi a wurina, ita ce ma ta sa takardun suke ƙasan akwati ba a hannun kowa ba. Amma ki tuna gasar Hikayata ta BBC Hausa, shekarar farko, 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira, lokacin ciwon yana ɗanye. Ana iya taɓa rauni da ladabi. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne, ba zan fitar da ko layi ɗaya ba sai na je na zauna da matan da abin ya shafa, ba da biro a hannu ba, na gaishe su, na saurare su in suna son magana, sannan in karanta musu abin da na rubuta da bakina. In suka ce a bari, an bari ke nan. In suka ce ga inda kika yi kuskure, in gyara. Sunan kowa ba zai fito ba sai wanda ya ce a sa sunan ɗansa don kada a manta da shi.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran izinin kowa sai na lokaci, kuma shi ya sa na tara ku. Ina so kundin digirina ya zama a kan labaran fari da yunwa da ambaliya daga bakin tsofaffin matan ƙasar Ringim, yadda suke ba da su, da sunayen da suka sa wa shekarun, da abin da aka ci, da yadda aka ajiye iri. Waɗanda suka ga 1973 da hankalinsu yanzu sun haura 60, masu goyo a lokacin irin su Kaka kuwa kullum raguwa suke yi. Aminiya, kakarki ta wajen uba ai a bakin kogi ta yi aurenta na fari, ki roƙa min ita. Ke kuma ƙanwata, wayarki ta fi tawa ɗaukar murya, aronta zan yi, zan sa miki kati. Yaya, surukarki ba ta sakin jiki da baƙo, sai kin raka ni da kanki kin gabatar da ni a matsayin ƙanwarki. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu sai mu biya kasuwar Gujungu mu sayi goro da sabulu da turare, don ba a shiga wurin tsohuwa hannu rabbana, daga can mu hau mashin mu wuce ƙauyen kafin azahar.